Lambar yabo ga wadda aka hana kabari

A 2023 hukumar da ke ba da lambar Oscar a Amurka ta kai wa Jami'ar Howard da ke Washington sabuwar lamba a madadin ta Hattie McDaniel da ta ɓace, aka yi taro, aka yi jawabai, aka tafa. Ni kam haushi abin ya ba ni.

Wannan baiwar Allah 'yar tsofaffin bayi ce. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, saboda rawar da ta taka a fim ɗin Gone with the Wind. Da aka yi bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba a bari ta je ba. Daren karɓar lambar kuma, a otal ɗin Ambassador na Los Angeles, sai da aka nemi alfarma kafin ta shiga, aka ajiye ta a wani ɗan tebur can gefe, nesa da abokan aikinta farare.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kabari. Kafin cutar daji ta ɗauke ta a 1952, ta bar wasiyya a binne ta a maƙabartar Hollywood, inda manyan 'yan fim suke kwance. Masu wurin suka ce ba sa karɓar gawar baƙar fata. Gawa fa! Wace irin ƙiyayya ce za ta bi mutum har bakin rami? Tun muna yara aka koya mana cewa duk daga Annabi Adamu muke, shi kuma daga ƙasa, kuma fifiko sai da tsoron Allah. Ƙasar ba ta taɓa tambayar launin wanda aka saka a cikinta ba. Sai aka kai gawar Hattie maƙabartar Rosedale. A 1999 sababbin masu maƙabartar Hollywood suka nemi a mayar da ita can, danginta suka ƙi, kuma sun yi daidai. Ihu bayan hari ke nan.

Su ma 'yan'uwanta baƙaƙe da suka riƙa zaginta wai ta zubar musu da mutunci don tana fitowa a matsayin 'yar aiki, ba su kyauta ba. Wace rawa aka ba ta ta ƙi? Me ya sa ba su tare masu rubuta finafinan ba? Matar da ta shiga shari'a a 1945 don kada a kori baƙaƙe daga unguwar Sugar Hill, kuma aka yi nasara, ba ita za a kira maciyiyar amana ba.

Bayan ita, sai a 1991 wata baƙar mace, Whoopi Goldberg, ta sake cin Oscar a fagen wasa. Waɗanda suka yi shekara hamsin suna rufe wannan ƙofa ba su cancanci tafi ba don sun sake ƙera lamba.