Mars Ya Tsira Da Sunansa, Na Nok Fa?

Kwanakin baya gardama ta kaure a ajinmu na fassara kan kalmar Mars. Wani ɗan'uwa ya dage cewa bai kamata mu shigar da ita Hausa ba, tunda sunan gunki ne. Gaskiyarsa, gunki ne. Mars shi ne abin bautar Romawa na yaƙi, kuma har yau akwai mutum-mutuminsa na marmara a gidan tarihi na Kapitolin da ke birnin Rum, tsayinsa ya haura mita 3, ga gemu, ga kwalkwali, ga sulke. Da Romawa suka ga wata tauraruwa ja kamar jini sai suka laƙaba mata sunansa, alhali tsatsar ƙarfe ce a ƙasarta ta sa ta ja. To amma ɗan'uwa, watan Maris fa? Daga wannan sunan ya fito, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙi karɓar albashin Maris ba.

Ni abin da ke damuna daban ne. Daga garinmu Kagoma zuwa ƙauyen Nok ba wata tafiya ba ce. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a can, sannan wajen 1943 aka sami shahararren kan nan na Jama'a, wanda sai da ya yi gadin gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Masana sun ce an fara ƙera irinsu tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun girmi birnin Rum kansa. Amma ko ɗaya bai zo mana da sunansa ba. Sarki ne, kaka ne, ko abin bauta? Shiru. Sunan ƙauye kawai aka ara musu. Bambancin shi ne Romawa sun rubuta nasu.

Don haka a ganina mu ari Mars ba tare da fargaba ba, amma inda muke da namu kada mu yar. Me zai sa ɗalibin Hausa ya rubuta Venus bayan ga Gamzaki, ga Zara matar wata? Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, sai a jami'a na fara jin Gamzaki, abin kunya. Hutun nan da littafi zan je gida, in zauna da tsofaffi su faɗa mini sunayen taurari da harshen Gyong.