Ƙwallon ƙafa a jami'o'inmu: ina makomar ɗan karkara?

A Dawce, cikin karkarar Matamai, da zarar an yi la'asar sai samari su taru a filin bayan lakwal suna buga tamaula har faɗuwar rana. Daga cikinsu akwai 'yan makaranta masu hazaƙa a aji da kuma a fili. Sai dai ranar da ɗayansu ya samu bakalorea ya shiga jami'a, sau da yawa ranar ce ya rataye takalman wasa. Wannan al'amari ya kamata mu duba tushensa.

Jami'a a ƙasarmu ba tsohuwa ba ce. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka ba ta sunan Abdu Mumuni a 1992. Damagaram kuwa sai a 2010 ta samu tata jami'ar, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. A duk tsawon wannan lokaci, ba a hannun makarantu ƙwallonmu ya girma ba, a hannun unguwanni da samariya ya girma, musamman bayan da aka soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Daga wannan tushe ne Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin zakarun ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi sawunta a 1984.

Daga baya sai ƙarfi ya tattara a Yamai, wajen ƙungiyoyin soja, da jandarma, da 'yan sanda, da duwan. Dalili a bayyane yake: su ne ke da kuɗin tafiya, su ne kuma ke iya ba ɗan wasa aikin da zai riƙe iyalinsa. Ɗalibi kuwa ba shi da wannan gata. Ko dai ya bar karatu ya bi ƙwallo, ko ya bar ƙwallo ya bi karatu, kuma babu uban da zai sayar da gyaɗarsa da geronsa ya tura ɗa birni, sannan ya yarda ya zaɓi na farko.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan matsala. A Amurka, tun 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka kara da juna, kuma a yau jami'a kan ɗauki nauyin karatun matashi saboda gwanintarsa a fili, bisa sharaɗin kada ya faɗi a aji. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fara gasar jami'o'insu ta NUGA a 1966, kuma ɗaliban Zariya da Kano na shiga cikinta.

Ba baiwa muka rasa ba. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, kuma yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 sun kai zagaye na biyu a gasar duniya ta 2017 a Indiya. Abin da ya rage shi ne tsani: gasa mai ɗorewa tsakanin kwalejoji da lise na kowace jaha, wadda za ta kai gwanaye ga ƙungiyar jami'a mai fili, da mai horarwa, da kasafin kuɗi na shekara.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'ar Damagaram, da ma'aikatar wasanni, da 'yan kasuwan jaha, su haɗa hannu kan wannan aiki. In an yi haka, ɗan Dawce zai tafi birni da littafinsa da takalmansa, ya komo gida da takardar shaida da lafiyar jiki, ƙasa kuma ta ci moriyar duka biyun.