Digiri na biyu a kimiyyar muhalli: Ƙofa ta buɗe, amma wa zai amfana?

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri har da Kasuwar Monday, tambayoyin da suka biyo baya sun fi ƙarfin masani guda. Injiniya ne zai bayyana dalilin da bangon madatsar ya gaza. Masanin yanayi ne zai yi bayanin ruwan saman da aka yi. Gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa kuwa sai mai ilimin tsara birane, barazanar kwalara sai jami'in lafiya, asarar 'yan kasuwa sai masanin tattalin arziki. Kowa da nasa yankin sanin, amma mai haɗa waɗannan bayanai ya fitar wa hukuma shawara guda shi ne ya yi ƙaranci.

Wannan giɓi ne ya sa jami'o'i suka ɓullo da karatun gaba da digiri na farko a kimiyyar muhalli wanda ke haɗa fannoni da dama a kwas ɗaya. Matasan da suka gama hidimar ƙasa da ma'aikatan gwamnati na ta neman gurbi a irin waɗannan kwasa-kwasai. Sai dai kafin mutum ya sayi fom, ya sadaukar da shekara biyu da ɗimbin kuɗi, ya kamata ya san abin da takardar za ta ba shi da abin da ba za ta ba shi ba.

Dalilin haɗa fannoni

Tarihin Arewa kaɗai ya isa hujja. A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Magani shi kaɗai bai wadatar ba, domin yaron da aka sallama daga asibiti gurɓataccen tsakar gida zai koma. Sai da aka kwashe ƙasar gidajen, aka kuma fahimci cewa talauci da tsadar zinare ne suka sa jama'a rungumar sana'ar, sannan aka fara ganin sauƙi.

Haka lamarin yake a dausayin Haɗejiya da Nguru. Madatsar Tiga da ta Challawa sun samar da ruwan sha da na noman rani a Kano, amma sun sauya yadda ruwa ke malala a ƙasan kogi. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan baki suka samu mafaka a cikinta, manoma da masunta da makiyaya suka shiga takun saƙa a kan ɗan abin da ya rage. Wanda ya san ruwa bai san mutane ba, ko ya san mutane bai san ruwa ba, rabin matsalar kawai zai gani.

'Yan kasuwa ma ba a bar su a baya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Magana ce ta sinadari, ta yadda ake ajiya a rumbu da shago, ta dokar ciniki kuma, kuma ta shafi duk mai fitar da hatsi daga kasuwa irin ta Dawanau.

Inda guraben suke

A cikin gida, Cibiyar Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wato CDA, tana cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, kuma tana koyar da kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi a matakin digiri na biyu da na uku. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, ya rarraba fannonin sauyin yanayi a jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da Jami'ar Fasaha ta Minna da ta Akure da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Akwai kuma shirin SPESSE, wanda ya kafa cibiyoyi shida, daga cikinsu akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin horar da ma'aikata a kan ƙa'idojin muhalli da na kare al'umma a ayyukan gwamnati.

Karatu a ƙetare kuwa ya ƙara nisa tun da darajar naira ta zube bayan sakin farashin canji a 2023. Abin da ya rage wa mafi yawan masu nema shi ne tallafin karatu irin Chevening na Birtaniya da DAAD na Jamus, kuma Chevening na sharɗanta aƙalla shekara biyu ta gogewar aiki. A nan ma'aikacin da ya daɗe a fagen aiki ya fi sabon mai digiri dama.

Bukatar masu wannan ilimi ba ta ɓuya ba. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin manyan gine-gine. An kafa hukumar NESREA a 2007, aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a 2021. A ƙarshen shekarar ne Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk aikin da za a yi da irin wannan kuɗi sai da rahoton muhalli, kuma idan jiha ba ta da masu rubuta shi, dole ta ɗauko daga wani wuri ta biya.

Tarkon da ke gaba

Matsala ta farko tana bakin ƙofa. Kwas ɗin na kiran kansa mahaɗar fannoni, amma tallar neman ɗalibai kan ce sai mai digiri a fannin da ya dace, kuma kowace jami'a da yadda take fassara dacewar. Mai digiri a ilimin ƙasa ko sinadarai ko noma yakan wuce cikin sauƙi, amma mai digiri a shari'a ko zamantakewa ko lissafin kuɗi kan iske an ce ya fara da difloma ta gaba da digiri. Haka ma mai babbar difloma ta kwalejin fasaha da mai digiri mai daraja ta uku. Tambayar sashe kai tsaye kafin biyan kuɗin fom na iya ceton shekara guda. Takardar cikakken sakamakon karatu kuma, wadda tsohuwar makaranta ke aikawa, ta sha jawo wa mutane asarar gurbi saboda jinkiri.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Kwas mai taɓa fannoni shida a zango biyu na iya yaye ɗalibin da ya ɗanɗani komai bai ƙoshi da komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Masu ɗaukar aiki na neman wanda ya iya wani abu takamaimai: auna ingancin ruwa, karanta hotunan tauraron ɗan Adam, sarrafa ƙididdiga, ko zama da al'umma a kan biyan diyya. Saboda haka wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya shiga da ƙafarsa a kafe a fanninsa na asali, ya ɗauki sauran fannonin a matsayin ƙari.

Ta uku ta shafi ma'aikata. Tsarin aikin gwamnati yakan ɗora mutum a layin da digirinsa na farko ya ba shi, kuma digiri na biyu ba ya kawo ƙarin girma kai tsaye. Ba ya kuma maye gurbin rajistar ƙwararru: bai sa mutum ya zama injiniya mai lasisi ko jami'in duba-gari mai rajista. Wanda bai nemi amincewar ma'aikatarsa da hutun ƙaro karatu a rubuce ba, yana iya dawowa da takardar da ba za ta shiga fayil ɗinsa ba.

Abin da ke bambanta masu nema

A shirye-shirye masu tallafi, inda masu nema suka ninka guraben, takardar ƙudurin bincike ce ke raba gardama. Dogon bayani a kan ɗumamar duniya ba ya jan hankalin kwamiti, domin kowa ya iya rubuta shi. Abin da ke tsayar da ido shi ne matsala guda, a wuri guda, da hanyar auna ta: ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da tasirinsa ga masu lambu a bakin kogi, ko dalilin da bishiyoyin da ake dasawa a ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa ke mutuwa a wani gari su rayu a wani. Ma'aikacin hukumar ruwa ko ta tsara birane yana zaune a kan bayanan shekaru da ɗalibi zai sha wahala kafin ya samu. Yana da kyau kuma mai nema ya binciki malaman sashen, ya tabbatar akwai mai duba aikinsa da ɗakin gwajin da ke aiki, domin bincike mai buƙatar malamai daga tsangayoyi biyu yakan maƙale idan babu fahimtar juna a tsakaninsu.

Nauyin da ya rage na hukumomi ne. Jami'o'i su fayyace fannonin da suke karɓa a fili, ofisoshin shugabannin ma'aikata kuma su samar da layin aiki da zai amfani waɗanda suka dawo da wannan ilimi. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta zo ne wata takwas kacal bayan ta Maiduguri. Jihar da ta tura ma'aikacinta ya koyi taswirar hanyoyin ruwa, ya dawo ta mayar da shi teburin rajistar fayil, ita ce za ta sake biyan baƙo ya zana mata taswirar garinta bayan ruwa ya wuce.