Kada Kullen Uwa Ya Zama Kullen Yara A Ƙasar Waje

Yau ina so mu taɓa zancen 'yan uwanmu da aure ya kai ƙasashen waje, musamman masu goyo da masu ƙananan yara. Yanzu ba abin mamaki ba ne a ji an ce wance ta bi mijinta Madina, ko Alƙahira, ko Malesiya, ko Ingila, shi yana karatu ko aiki, ita tana riƙe da gida. Ko nan wajenmu, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe, akwai gidajen da ke da ɗiya a can, kullum ana jiran wayarta.

Maganata ita ce: 'yar uwa, idan Allah ya kai ki wata ƙasa da yara ƙanana, ki riƙa fita da su. Na san wasu za su ce ga malamar boko ta zo ta hure wa matan mutane kunne. To a yi haƙuri a ji dalilina tukuna.

Ku duba yadda zamanmu yake a gida. Matar da ke kulle a Dogon Daji ita kaɗai ke kulle, 'ya'yanta ba su ciki. Da yaro ya iya tafiya ya zama ɗan unguwa. Da safe yana makarantar allo, da hantsi an aike shi gidan gwaggonsa ya kai fura, da la'asar yana ƙofar gida ana langa, 'yan mata kuwa suna dandali suna gaɗa. Ita uwar ma ba ita kaɗai ba ce a tsakar gida. Ga uwar miji, ga facala, ga maƙwabciya da za a yi wa magana ta kan katanga. In goyo ya dame ta akwai hannu goma da za su karɓa. Duk wannan tarbiyya ce da ba mu biya ko kwabo, shi ya sa ba mu san darajarta ba sai mun rasa.

To a ɗauki wannan mata a sa ta a ɗaki biyu a hawa na shida na wani bene, ƙofa a rufe, maƙwabci bai san sunanta ba, ita ma ba ta jin harshensa. Maigida ya fita tun da sassafe, sai dare. In aka ce ta zauna yadda take zaune a gida, an kulle ta, an kuma kulle yaran tare da ita, abin da iyayenmu da kakanninmu ba su taɓa yi wa yaro ba. Yaro ɗan shekara uku ya wuni tsakanin bango huɗu, bai taka ƙasa ba, bai ga akuya ba, bai yi faɗa da sa'ansa an raba su ba. In ya yi rigima a miƙa masa waya ya kalli 'yan zane masu magana da Turanci, uwa ta samu ta yi girki. Wa zai ga laifinta? Amma wayar nan ita ce ta zama kakarsa, ita ce ta zama dandalinsa.

Akwai kuma batun lafiya, wanda mu mutanen ƙasar rana ba mu saba tunaninsa ba. Jikin mutum yana samun bitamin D ne idan rana ta taɓa fata, shi ne ke taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Yaron da ya rasa shi ƙwarai ƙasusuwansa kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe kamar baka. Baƙar fata kuwa ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana kafin ta samu rabonta. A Ingila, daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da ƙarfin da za ta wadatar, a watan Disamba ma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Saboda haka hukumar lafiya ta ƙasar ta shawarci a riƙa ba yara 'yan shekara 1 zuwa 4 maikurogiram 10 na bitamin ɗin kowace rana, haka ma manya masu baƙar fata da masu rufe jiki da waɗanda ba su cika fita ba. Ku duba, kusan duk siffofin nan uku sun haɗu a kanmu. Don haka a nemi maganin a wurin likita, in damunarsu ta wuce rana ta fito a fita da yara su sha ta. Ko a Saudiyya da rana ta yi yawa, mai wuni cikin ɗaki da na'urar sanyi tana iya rasa abin da ke bakin ƙofarta.

Sau da yawa abin da ke hana fita shi ne tsoron kashe kuɗi, domin guzurin ɗalibi bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, amma ba kowace fita ke cin kuɗi ba. A London lambunan gwamnati kyauta ne, da lilo da wurin gudu. Ɗakunan karatu na unguwa suna ba da kati kyauta, wasu ma suna da ranar da ake tara ƙananan yara a karanta musu labari, uwa ta zauna gefe ta saba da sauran iyaye. Babban gidan tarihi na British Museum ba a biyan kuɗin shiga, kuma yaron da bai kai shekara 11 ba ba ya biyan kuɗin bas. Wadda ke Madina kuwa, ina ma ni! Ga Masallacin Ƙuba, ga Dutsen Uhudu. Abin da muke fama mu koya wa yara a aji da alli da allo, ita sai dai ta kama hannun ɗanta ta nuna masa da yatsa. Ta Jidda tana da bakin teku da yamma in zafi ya sauka. A dafa shinkafa da wake a gida, a zuba a kwano, a ɗauki tabarma, an gama.

Sai dai ba ina nufin irin fitar da wasu ke yi ba, ta shiga manyan kantuna a ɗauki hoto gaban kayan da ba a saya ba a sa a Facebook. Wannan ba abin da take ƙara wa yaro sai kwaɗayi, ba abin da take jawo wa uwa sai dangi su ɗauka kuɗi ake shara a can, buƙatu su yi ta zuwa.

Babbar fitar da nake so a fi ba muhimmanci ita ce zuwa wurin 'yan uwa Hausawa. A nemi inda suke, a san ranar da suke haɗuwa, a je suna, a je barka, a je idi tare, yara su ji ana gaisuwa da Hausa daga bakin da ba na uwarsu ba. Harshe ba ya zama a bakin yaro idan mutum ɗaya kawai ke yi masa shi. Mu Sakkwatawa muna da misali a tarihinmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sennar, a bakin kogin Nilu. An haura shekara ɗari, amma har yanzu akwai Hausa da Fulatanci a bakin zuriyar mutanen nan, ga kuma Larabci sun iya. Haka zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara a Gana. Ba wata makaranta ce ta riƙe musu harshen ba, zama tare ne da shiga gidajen juna.

Na taɓa samun wata yarinya a ajina da iyayenta suka dawo da ita daga waje tana 'yar shekara bakwai. Karatu kam ta fi kowa, amma in an fita tara sai ta raɓe jikin bango ita kaɗai. Ba ta san yadda ake shiga wasa ba, ba ta san a durƙusa a gai da babba ba, yara suna ta kwaikwayon maganarta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne da aka ce mini in kakarta ta yi mata magana sai ta juya ta dubi uwarta a fassara mata. Tsohuwa ta shekara da shekaru tana marmarin jikarta, ga ta a gabanta, hira ta gagara. Sai da aka yi kusan zango biyu kafin yarinyar ta sake.

Kada wata ta ce ai mu mun zauna ke nan, Hausa me za ta yi wa yaro. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutanenmu da yawa suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin gida ba. A 2017 Saudiyya ta sa wa baƙin ma'aikata harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum ɗaya na iyalinsu, zuwa 2020 ya kai riyal 400, magidanta da dama suka maido mata da yara gida. A watan Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, daga can aka sa su a jirgi. Ingila ma tun Janairu 2024 ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wadda ta kwana yau a can ba ta san inda za ta yi sallar baɗi ba.

In za a fita kuma a fita da hankali, domin kowane gari da dokarsa. A nan kina iya barin ɗan shekara biyar da ƙanwarsa ki leƙa maƙwabta, kin san akwai idanu a gidan. A Ingila barin ƙaramin yaro shi kaɗai yadda zai iya shiga hatsari laifi ne da ke kai iyaye gaban hukuma. Dukan yaro, ko ɗan marin nan da muke ɗauka ba komai ba, an haramta shi a Sikotland tun 2020, a Wales tun 2022. Sai a koyi tsawatarwa da ido da murya, irin ta iyayenmu mata, wadda kallo ɗaya ya isa. A wurin cunkoso kamar Harami a rubuta sunan yaro da lambar wayar ubansa a sa masa a aljihu ko a ɗaura masa a hannu, a kuma koya masa sunan ubansa na gaskiya, kada a tambaye shi ya ce Baba.

Ku kuma iyayen gida maza, na san kuna leƙa wannan fili ko da ba ku faɗa. Kun ɗauko 'yar mutane daga cikin danginta kun kai ta inda ba ta da kowa sai ku. Ranar da ba aiki ba makaranta, kada ta ƙare a barci da hira da abokai. A ɗauki yaro ɗaya a kafaɗa, ita ta goya ɗaya, a zaga gari. A nuna mata hanyar asibiti da ta kasuwa da lambar bas ɗin unguwa, a bar mata 'yan kuɗi da mabuɗi, domin ranar da zazzaɓi zai kama yaro kuna wurin aiki ba ta da uwar miji da za ta kira.

Idan an samu hutu an zo gida, kada a tsaya a Abuja ko cikin birnin Sakkwato a ce ƙauye da sauro. A sayi gidan sauro, a sha maganin da likita ya rubuta, a kawo su Dogon Daji, in da hali da kaka, lokacin da ake yankan gero ana ɗaurin dami, su hau amalanke, su kwana ɗakin kakarsu ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. 'Yan uwa da ke zaune a can kuma, ina roƙo ku rubuto wa wannan fili ku gaya mana inda kuke kai yaranku a garuruwan da kuke, da abin da fitar ke ci muku, don masu shirin tafiya su san abin da za su taras.