Kafin kaset na ƙarshe ya lalace: tarihin waƙar Kano na neman ma'ajiya

Akwai tambayar da ke yawan tayar da musu a majalisun matasa da shafukan sada zumunta: tsakanin Kannywood da Nollywood, wane suna ne ya riga wani? Amsar ita ce Kannywood. Sunusi Shehu Daneji ne ya ƙirƙiro sunan a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990, kafin jaridar New York Times ta Amurka ta yaɗa sunan Nollywood a 2002. Sai dai akasarin masu musun ba su taɓa ganin mujallar ba, ba su kuma san inda za su neme ta ba. Nan gizo ke saƙar.

Sautin da ke fita daga wayoyin matasa a yau yana da asali, kuma asalin na ratsawa ta Sabon Gari da Fagge. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Sabon Gari. Daga baya aka samu Eldorado a can, da Plaza a Fagge. A waɗannan gidaje ne finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwar Lebanon suka riƙa shigowa da su, suka shiga zukatan Kanawa. Karin waƙoƙinsu ya bi 'yan kallo har gida, ya kai ga wasu masu bege da bandiri suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kansa. Da aka fitar da Turmin Danya a 1990, sannan Sangaya a 1999, sai waƙar fiyano ta samu gindin zama.

Wannan tarihi yanzu yana zaune ne a cikin kaset da tsofaffin fastoci da ƙwaƙwalwar dattawa. Zafi da ƙura na cinye kaset, dattawan kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kowannensu da labaran da ba a naɗa ba.

Wasu za su ce waƙa da fim ba su kai a kashe musu kuɗin jama'a ba. Amma adana abu daban ne da yabonsa. Ko mai sukar waƙoƙin yana buƙatar hujja a hannu, kuma rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu sun nuna irin ilmin da ke cikin fannin.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta haɗa kai da Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin 'yan fim, a tattaro kaset da mujallu daga hannun tsofaffin 'yan kasuwa, a mayar da su cikin kwamfuta, a kuma naɗi hirar waɗanda suka yi aiki a sinimomin nan tun suna raye. Mai tsohon kaset a gida shi ma kada ya yar da shi.