Hayaƙin mota da hasken rana

Nijar ƙasa ce mai faɗi, kuma ba ta da bakin teku. Albasar Galmi, waken Maraɗi, gishirin Bilma da bisashen Tawa, yawanci bisa mota suke isa kasuwa. Hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016 ba ta kai ga ɗaukar kaya ba. Saboda haka maganar man da motoci ke sha magana ce ta kowa, manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci.

Tun watan Nuwamba na 2011 ƙasa ke da matatar mai ta Soraz kusa da Damagaram, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 kowace rana. Wannan babban rabo ne. Amma watan Maris na 2025 ya bar darasi. Bayan Nijeriya ta janye tallafin mai cikin 2023, isansin ruwa-ruwa da ke ƙetaro iyaka ya yi tsada, ya ragu. Jama'a suka koma gidajen mai, matata ta kasa ƙosar da kowa, layuka suka yi tsawo cikin birane. Ƙasar da ke da rijiyoyin mai ma tana iya wayar gari motocinta a tsaye.

Bayan tsada da ƙaranci akwai lafiya. Yawancin motocin da ke yawo cikin garuruwa tsofaffi ne, sun gama aikinsu a Turai kafin a sauke su Kwatanu ko Lome. Gazuwal mai yawan farar wuta, in ya ƙone cikin tsohon inji, yana fidda baƙin hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyi da ke shiga huhu. Lokacin hunturu hayaƙin ya haɗu da ƙura, tari da ciwon ƙirji su yawaita. Ɗan kabu-kabu, mai tuyar ƙosai bakin hanya da yaro mai zuwa lakwal su ne ke fara shaƙa.

Gyara yana yiwuwa, domin an taɓa yin irinsa. A farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayar da isansi mai darma, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma cikin 2021 duniya duka ta rabu da shi. Mota ba ta daina tafiya ba.

Aikin farko shi ne tsabtace abin da ke hannu: a rage farar wuta cikin gazuwal, a ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, binciken lafiyar mota kuma ya zama bincike na gaskiya, a duba inji kafin a buga hatimi.

Na biyu shi ne gaz. Soraz tana fidda gaz na girki, kuma taksi na iya tafiya da shi in aka yi wa inji gyara, hayaƙinsa kuma kaɗan ne. Sai dai a nan akwai hattara. Kowace tukunyar gaz da ta shiga ɗakin girki itatuwa ne aka bari tsaye cikin daji. Uwargida ce ya kamata ta fara samu, abin da ya saura a ba mota.

Na uku shi ne lantarki. Cikin 2024 birnin Dakar ya fara jigilar jama'a da manyan motoci masu aiki da batir, kuma cikin shekarar Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan mai. Wasu na cewa wannan ya fi ƙarfin Nijar, kuma suna da hujja: cikin watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take aikowa, kusan kashi 70 bisa 100 na abin da ƙasa ke sha, birane sun kwana cikin duhu. Motar lantarki ba tare da wuta ba kwanta ce.

Amsar wannan hujja tana bisa kan kowa tun safe har maraice. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar Onersol yana nuna cewa rana dukiya ce. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki cikin 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 cikin 2023. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Babu mai rufe wa rana iyaka.

Inda ya dace a fara shi ne ƙananan ababen hawa: babur na kabu-kabu da adaidaita, waɗanda ba sa nisa da gari, batirinsu ƙarami ne, kuma rumfa ɗaya mai farantan rana a tasha tana iya cika su. Manyan kamyo masu zuwa Agadas da Difa za su daɗe suna shan gazuwal, wannan gaskiya ce.

Nauyi yana kan magabata. Su sassauta kuɗin duwan bisa babur da batir, su sa makarantun koyon sana'a su horar da makanikai, domin zafi na rage kwanan batir kuma injin da ba mai gyara shi asara ne. Su tanadi wurin tattara matattun batura, kada gubarsu ta gangara rijiyoyi. Ma'aikatun gwamnati kuma su fara da nasu ababen hawa, domin talaka sai ya gani da ido yake fidda kuɗinsa. Ƙungiyoyin direbobi na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai a zauna da su tun farko, tunda su ne za su riƙe kan abin hawan.