Zauren Iyali: Amanar da ke cikin ɗan ƙaramin kati

A wannan fitowa za mu taɓo wani abu da bai fi farcen babban yatsa girma ba, amma ya sa wani gida a nan Missèbo zubar da hawaye.

A bara aka ɗaura auren 'yar wani maƙwabcinmu. Kakar amarya ta taso tun daga Djougou duk da tsufa, aka zaunar da ita a tsakiyar jikoki da tattaɓa-kunne, mai hoto ya ɗauka. Bayan wata biyu Allah ya yi mata rasuwa. Da aka je karɓar hotuna, sai mai hoton ya sunkuyar da kai. Ashe bukukuwa huɗu ya tara a kati ɗaya bai kwafe ko ɗaya ba, ranar da ya sa katin a kwamfuta kuma ya ƙi buɗewa. Ya mayar da kuɗin har da ban haƙuri, amma babu kuɗin da zai sake zaunar da tsohuwar nan a tsakiyar zuriyarta.

Ya kamata mu san yadda katin ajiya, wanda masu sana'a ke kira kart-memwar, yake aiki. Yana riƙe hoto ne da 'yar wutar lantarki da ke tsare a cikin ƙananan ɗakuna marasa ganuwa. Wutar nan tana zurarewa sannu a hankali idan kati ya daɗe a ajiye, ɗakunan kuma suna gajiya da yawan rubutu da gogewa. Zare kati ko mutuwar batir a lokacin da kamara ke rubutu na iya birkita tsarin ajiyar gaba ɗaya. Ga kuma katunan jabu da aka buga wa 64 GB a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba. In sun cika sai su riƙa lalata abin da aka zuba, mai su bai sani ba. Mu da ke zaune tsakanin teku da tafkin Nokoué muna da ƙarin abokan gaba biyu, wato laima da gishirin iska, masu cin bakin ƙarfen kati.

Hikimar yawaita kwafi ba baƙuwa ba ce gare mu. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, halifa Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a rubuce, takardun suka zauna daga baya a hannun Nana Hafsa. A zamanin halifa Usman aka kwafe su, aka aika Kufa da Basra da Sham, aka bar ɗaya a Madina. Littafin da Allah ya yi alƙawarin tsarewa ke nan, duk da haka sahabbai suka yi sababi. Hoton biki bai kai a gwama shi da Alƙur'ani ba, darasin kawai muke ɗauka. A Janairun 2013 ma an ƙone kimanin littattafan hannu 4,000 na cibiyar Ahmad Baba a Tumbutu, amma dubbai masu yawa sun tsira domin an riga an kwashe su zuwa Bamako.

Masu ɗaukar hoto suna da ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda wani ɗan sana'ar daga Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa. Ma'anarta: kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu daban, ɗaya daga ciki a wani wuri nesa da sauran. Wannan na ƙarshe shi muka fi sakaci da shi. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta shafi gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin, ko gobarar kasuwar Dantokpa a ƙarshen Oktoban 2015, ya san ruwa da wuta ba sa zaɓe. Kati da kwamfuta da faifai, in ɗaki ɗaya suke kwana, a rana ɗaya za su tafi.

Saboda haka ga nasiharmu ga masu sana'ar. Kada ka kwanta a daren biki sai ka kwafe katin a kwamfuta da kuma faifan ajiya na waje, ka buɗe hotunan ka gani da idonka. Kada ka goge kati sai mai biki ya karɓi nasa. Katuna ƙanana uku sun fi babba guda ɗaya. In Allah ya hore maka, sayi kamara mai ramin kati biyu, wadda ke rubuta kowane hoto sau biyu a lokaci guda. Idan kuwa hotuna suka ɓace, tsaya nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko ɗaya a katin, domin manhaja irin PhotoRec, wadda kyauta ce, takan dawo da abin da ba a rubuta wani a kansa ba.

Su kuma magidanta, ku nemi hotunanku na asali a kile USB, domin waɗanda ake turowa ta WhatsApp a matsayin hoto akan matse su, ingancinsu ya ragu. Ku ajiye kwafi ɗaya a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, ko a intanet, inda Google ke ba kowane mai asusu 15 GB kyauta. Ku wanke mafi daraja a takarda. Ku haɗa da takardun fili da na haihuwa da muryoyin karatun dattawanmu. Sai dai a kula a hannun wa kwafin zai zauna, domin hotunan matanmu da 'ya'yanmu mata sirrin gida ne. A cire kati kafin a miƙa waya ko kamara ga mai gyara.

Mai hoton nan mutumin kirki ne, kuma yanzu faifai biyu yake da su, ɗaya a shago, ɗaya a gidan yayarsa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu duba katunanmu a daren yau. Allah ya jiƙan tsohuwar nan da dukkan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙon amana. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.